Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Lissafin Yaɗuwar Annoba

Wannan darasi ya dace da ɗaliban babbar sakandare, da kuma 'yan shekarar farko a kwalejin kiwon lafiya ko jami'a. Ba ya buƙatar lissafi mai zurfi, domin duk ɗalibin da ya iya ninkawa da rabawa da fitar da kaso cikin ɗari, ya kuma iya zana giraf, zai bi shi daga farko har ƙarshe. Yakan ɗauki darasi huɗu ko biyar, kuma kayan aikinsa ba su wuce allo da alli ba, sai ƙoƙo ko kwano ɗaya, da 'yan guntayen takarda, da marfin kwalbar lemo, da takardar giraf, da kalkuleta. Idan akwai kwamfuta ko waya mai Excel ko Google Sheets za ta yi amfani a mataki na huɗu, amma rashinta ba ya hana komai.

Abin da ake so ɗalibi ya tashi da shi guda ne, kuma ya kamata malami ya riƙe shi a zuciya tun daga ranar farko: annoba tana hawa ne muddin mai ɗauke da cuta yana samun waɗanda zai shafa wa, tana kuma sauka idan waɗannan mutane suka yi ƙaranci, ko da ƙwayar cutar ba ta ragu da ƙarfi ko kaɗan ba. Duk ƙa'idoji da haruffan da za su zo daga baya hanya ce kawai ta auna wannan magana da alƙaluma. Saboda haka kada a fara da rubuta ƙa'ida a allo. A bari ɗalibai su ga abin yana faruwa a kansu tukuna.

Mataki na farko: a nuna musu bambancin ƙaruwa da ninkuwa

A rubuta tambaya biyu a allo. A gari na farko, kowane kwana 5 ana samun sababbin marasa lafiya 100, ba ragi ba ƙari. A gari na biyu, an fara da mutum 1, kuma kowane kwana 5 adadin sababbin masu kamuwa yana ninkawa biyu. A tambayi ɗalibai wane gari ne ya fi shiga haɗari, a sa su ɗaga hannu, a rubuta ƙuri'ar a gefen allo kafin a taɓa lissafi. Galibi za su zaɓi gari na farko, domin 100 ta fi 1 cika ido.

Daga nan sai su jera ninkin da hannunsu: 1, 2, 4, 8, 16, har su kai ninki na 10 inda za su samu 1,024, da na 20 inda adadin ya haura miliyan 1. A ninki na 28, wato bayan kwana 140 kacal, adadin ya kai 268,435,456, wanda ya zarce yawan al'ummar Najeriya baki ɗaya. A wannan lokaci gari na farko bai wuce mutum 2,800 ba.

A nan malami zai jefa tambayar da sauran darasin zai amsa: tunda babu annobar da ta taɓa ci gaba da ninkuwa har abada, me yake tsayar da ita? A karɓi amsoshinsu ba tare da gyara ba. Wasu za su ce magani, wasu su ce sauyin yanayi, wasu su ce cutar ce take gajiya. A rubuta su duka, a bar su a allo zuwa darasi na gaba.

Mataki na biyu: a yi annobar a cikin aji

Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma ya cancanci a ba shi lokaci cikakke. A ba kowane ɗalibi lamba, daga 1 zuwa adadin 'yan ajin, a rubuta lambobin a guntayen takarda, a naɗe, a zuba a ƙoƙo. Ajin da ya kai mutum 50 ko 60 ya fi ba da sakamako mai kyau, don haka cunkoson da malamai ke kuka da shi a nan ya zama alheri. A ware ɗalibi ɗaya ya zama magatakarda, ya tsaya a allo da jadawali mai layi uku: waɗanda ba su kamu ba, masu ɗauke da cuta, da waɗanda suka warke.

Kowa ya zauna a kujerarsa. A zaro lamba ɗaya daga ƙoƙo, mai lambar ya miƙe tsaye, shi ne mutum na farko da ya kamu. A kowane zagaye, duk wanda yake tsaye zai zaro takarda, ya karanta lambar da ƙarfi, ya mayar da ita cikin ƙoƙon, a gauraya, ya sake zaro ta biyu. Idan lambar ta wanda yake zaune ce, ya kamu, kuma zai miƙe a zagaye mai zuwa. Idan ta wanda ya riga ya kamu ce ko ya warke, ta faɗi banza. Wanda ya gama zaro lambobinsa biyu sai ya koma bayan aji, ya warke ke nan, kuma ba ya sake kamuwa. Mayar da takarda cikin ƙoƙo bayan kowace zara wajibi ne, domin idan aka cire lambobin waɗanda suka warke, wasan zai cinye kowa, ya kuma koyar da akasin abin da ake nufi.

A zagayen farko abin zai tafi kamar yadda aka gani a mataki na farko: 1, 2, 4, wataƙila 7 ko 8. Daga nan ɗalibai za su fara jin ana kiran lamba, sai mai ita ya amsa daga bayan aji cewa shi ya riga ya warke. Irin wannan zara da ke faɗuwa banza za ta yi ta ƙaruwa, masu tsayuwa su fara raguwa, har a kai zagayen da babu kowa a tsaye. Abin da ya kamata a ja hankalinsu a kai shi ne kujerun da har yanzu akwai mutane a kansu: a aji mai mutum 60, yawanci akan samu kusan 12 da annobar ta ƙare ba ta taɓa su ba, wato wajen kashi 20 cikin 100. Ba a ba kowa magani ba, ba a sauya ƙa'idar wasa ba, kowane mai cuta ya zaro lamba biyu daga farko har ƙarshe, amma duk da haka abin ya mutu. A koma ga amsoshin da aka bari a allo, a tambaye su wacce ce ta bayyana abin da suka gani da idonsu. Kamar wutar daji ce da takan mutu idan ta iso inda ciyawa ta riga ta ƙone, ko da akwai sauran ciyawa a wani gefen.

A maimaita wasan sau biyu ko uku, magatakarda yana rubuta adadin kowane zagaye, domin su ga cewa alƙaluman sukan bambanta amma siffar ba ta canzawa. Sannan a kawo sauyi ɗaya: kafin mai cuta ya zaro lamba, sai ya cilla marfin kwalba. Idan ya faɗi a kife, ba zai zaro ko ɗaya ba, idan ya faɗi a buɗe, zai zaro 4. Matuƙar marfin yana faɗuwa kusan rabi da rabi, matsakaicin yana nan a 2, amma za a tarar fiye da rabin wasannin suna mutuwa tun a zagayen farko-farko, sauran kuma su tashi da sauri. Wannan yana bayyana musu dalilin da ya sa cuta ɗaya kan shiga gari ta ɓace ba a ji labarinta ba, ta shiga wani garin ta zama annoba.

Akwai abin lura game da ladabi. A ƙirƙira wa cutar wasan suna marar illa, kada a kira ta da sunan cutar da ake tsangwamar mutane a kanta, ko wadda wataƙila ta kashe wa wani ɗalibi ɗan'uwa. Kuma ƙuri'a ce za ta fitar da mutum na farko, ba zaɓin malami ba, domin yara ba sa mantuwa da laƙabi.

Mataki na uku: a mayar da wasan ƙa'ida

Yanzu ɗalibai sun san rukunin nan uku da jikinsu, sai a ba su haruffan da littattafai ke amfani da su. S su ne na zaune, waɗanda za su iya kamuwa. I su ne na tsaye, masu yaɗawa. R su ne na bayan aji, waɗanda suka fita daga yaɗuwar, ko ta warkewa ko ta rasuwa. N kuma jimillarsu ce, wadda ba ta canzawa. Wannan tsari shi ake kira samfurin SIR, kuma ya samo asali ne daga aikin da wasu masana biyu 'yan Birtaniya, William Kermack da Anderson McKendrick, suka wallafa a 1927, inda suka gwada lissafinsu da alƙaluman mace-macen annobar da ta auka wa birnin Bombay na Indiya a 1905 zuwa 1906.

Ƙa'ida biyu kawai ake buƙata, kuma ya fi kyau ɗalibai su gina su da kansu ta hanyar tambaya. Idan kowane mai cuta yana yin cuɗanyar da ta isa ta yaɗa cuta sau b a rana, cuɗanya nawa ake yi gaba ɗaya a rana? Amsa ita ce b sau I. A cikinsu, nawa ne za su faɗa kan wanda bai kamu ba? Kason S cikin N. Saboda haka:

Sababbin masu kamuwa a rana = b × I × S ÷ N

Masu warkewa a rana = g × I

Harafin g yana nufin kason marasa lafiya da ke warkewa kowace rana, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce ta tsawon ciwo: idan mutum yana yaɗa cuta na kwana 4 a matsakaici, to kashi 1 cikin 4 na masu cutar ne ke fita kowace rana, wato g daidai yake da 0.25. A littattafan jami'a za su tarar da haruffan Girka, beta da gama, a madadin b da g, kuma babu laifi a gaya musu haka tun yanzu. A dage sosai a kan ɓangaren S ÷ N, domin shi ne takardun da ke faɗuwa banza a ƙoƙo, kuma shi kaɗai ne ya bambanta wannan lissafi da ninkin da ba ya tsayawa na mataki na farko.

Mataki na huɗu: a cike jadawalin da hannu, sannan da na'ura

A ɗauki ƙauye mai mutum 1,000, inda 10 suka kamu, 990 ba su kamu ba, b ya zama 0.5, g kuma 0.25. A rana ta farko, sababbin masu kamuwa su ne 0.5 × 10 × 990 ÷ 1,000, wato 4.95, masu warkewa kuma 2.5. Saboda haka a ƙarshen ranar S ya koma 985.05, I ya zama 10 a tara da 4.95 a ɗebe 2.5, wato 12.45, R kuma 2.5. A rana ta biyu za su samu S kusan 978.9, I kusan 15.5, R kusan 5.6. Lalle wani zai tambaya yadda za a yi rabin mutum ya kamu da ciwo. Amsar ita ce waɗannan alƙaluma matsakaici ne, kuma idan aka cike su zuwa cikakkiyar lamba kowace rana, kuskure zai yi ta taruwa. A koya musu su riƙa haɗa S da I da R a ƙarshen kowane layi: idan jimillar ba ta ba da 1,000 ba, akwai kuskure a layin.

Kowane ɗalibi ya yi kwana 5 na farko shi kaɗai, domin hannunsa ya saba. Daga nan a raba aikin tsakanin rukunoni, wannan rukuni ya yi kwana 5 ya miƙa wa na gaba sakamakonsa, har a kai kwana 40 ko fiye. Wanda yake da Excel zai sa rana a layin A, S a B, I a C, R a D, sababbin masu kamuwa a E, masu warkewa a F. Ya fara sa 990 a gidan B2, 10 a C2, 0 a D2. A gidan E2 ya rubuta =0.5*C2*B2/1000, a F2 ya rubuta =0.25*C2, a B3 ya rubuta =B2-E2, a C3 ya rubuta =C2+E2-F2, a D3 ya rubuta =D2+F2, sannan ya ja kowane layi zuwa ƙasa har gida na 80.

Idan an yi daidai, adadin masu ɗauke da cuta zai kai 75 a rana ta 10, ya haura 140 a rana ta 15, ya kai ƙololuwarsa ta kusan 168 a rana ta 19, daga nan ya fara gangarowa. A ƙarshe ɗan ƙasa da mutum 200 ne za su tsira ba su kamu ba, kusan daidai da kason da aka gani a wasan ƙoƙo. A zana S da I da R a giraf ɗaya da launi uku. Sannan a sa su duba adadin S a lokacin da I ya kai ƙololuwa: a rana ta 18 yana 513, a rana ta 19 ya sauka zuwa 470. Wato annobar ta juya ne daidai lokacin da waɗanda ba su kamu ba suka faɗo ƙasa da rabin ƙauyen. Kada malami ya faɗi dalili. Ya bar su da tambayar me ya sa rabi, ba kashi 1 cikin 3 ba.

Mataki na biyar: lambar yaɗuwa

Amsar tana cikin lamba ɗaya. Idan mai cuta yana yin cuɗanya mai yaɗawa 0.5 a rana, kuma yana yin kwana 4 yana yaɗawa, to zai shafa wa mutum 2 a garin da kowa zai iya kamuwa. Wannan ita ce lambar yaɗuwa ta asali, wadda ake rubutawa R0, kuma ana samun ta ne idan aka raba b da g. A gargaɗe su cewa wannan R ɗin daban yake da R na waɗanda suka warke, domin nan ne ɗalibai da yawa ke rikicewa a jarrabawa. Yayin da annoba ke tafiya, ainihin adadin da kowane mai cuta ke shafa wa shi ne R0 × S ÷ N. Idan ya haura 1, annoba tana hawa, idan ya gaza 1, tana sauka. Tunda R0 a misalinmu 2 ne, sakamakon zai zama 1 daidai lokacin da S ya kai rabin N.

Tunanin cewa akwai iyakar da cuta ba ta iya ɗorewa ƙasa da ita ya girmi samfurin SIR. Ronald Ross, likitan da ya gano a Indiya a 1897 cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana rayuwa a cikin sauro, ya kuma samu kyautar Nobel a 1902, ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe kowane sauro ba kafin a tsayar da cutar, ya isa a rage yawansu zuwa ƙasa da wani adadi. A shekarun 1950 George Macdonald ya faɗaɗa wannan aiki.

A bar ɗalibai su yi wasa da b. Idan aka rage shi zuwa 0.35, kamar a ce mutane sun rage cuɗanya, R0 zai zama 1.4, ƙololuwar ba za ta kai mutum 60 ba, za ta zo a makare, kuma kusan rabin ƙauyen ne kawai zai kamu. Idan aka ce asibitin ƙauyen yana iya ɗaukar mutum 60 a lokaci guda, a ja layi a kan 60 a giraf ɗin, su ga bambancin da kansu. Idan b ya sauka zuwa 0.2, R0 ya zama 0.8, annobar ba za ta tashi ba sam. Killace mai cuta da wuri kuwa g yake ƙarawa, tunda yana rage kwanakin yaɗawa. Misalin da ya fi kusa shi ne na Ebola a 2014, lokacin da wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ranar 20 ga Yuli. An bibiyi mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, aka killace duk wanda ya nuna alama, abin ya tsaya a mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar ranar 20 ga Oktoba.

Mataki na shida: lissafin riga-kafi

Allurar riga-kafi tana ɗauke mutum daga S ta kai shi R ba tare da ya bi ta I ba. A koma wasan ƙoƙo, amma kafin a fara a tura kashi 60 cikin 100 na ajin zuwa baya ta hanyar ƙuri'a, lambobinsu kuma suna nan cikin ƙoƙon. Wasan zai mutu cikin 'yan zagaye, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa riga-kafin ba za su tsira albarkacin waɗanda aka yi wa.

Kason da ake buƙata shi ne 1 a ɗebe 1 ÷ R0. Idan R0 ya zama 2, rabi ne. Idan 4 ne, kashi 75 cikin 100. Ƙyanda, wadda aka saba ƙiyasta R0 ɗinta tsakanin 12 da 18, tana buƙatar kashi 92 zuwa 94, kuma daga nan ne manufar kaiwa kashi 95 ta fito. Ga lissafin da ya kamata kowane ɗalibin kiwon lafiya ya yi da hannunsa: allurar ƙyanda da ake yi wa jariri a wata 9 tana ba da kariya ga kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. Idan aka raba 0.92 da 0.85 za a samu 1.08, wato sai an yi wa fiye da kashi 100 cikin 100 na yara, abin da ba zai yiwu ba. Allura ɗaya a wannan shekaru ba ta isa ta tsayar da ƙyanda ba ko da babu yaron da aka tsallake, shi ya sa ake ƙara ta biyu a wata 15. A ganina babu wani sashe na darasin da ya kai wannan amfani, domin ɗalibin da ya fitar da 1.08 da kansa zai iya bayyana wa uwa dalilin da ake so ta dawo da ɗanta karo na biyu.

Mataki na bakwai: a gwada samfurin da abin da ya faru da gaske

Alƙaluman da malamai suka fi amfani da su sun fito ne daga wata makarantar kwana ta maza a arewacin Ingila, inda mura mai tsanani ta ɓarke a farkon 1978, mujallar likitocin Birtaniya kuma ta buga rahoton a shekarar. Ɗalibai 763 ne a makarantar, 512 suka kwanta ciwo, adadin waɗanda ke kwance ya kai kusan 300 a cikin mako na farko, kuma cikin kusan mako biyu abin ya wuce. A sa N ya zama 763, I ya zama 1, ɗalibai su yi ta sauya b da g har ƙololuwar ta yi kusa da 300 a daidai lokacin. A nan gara a raba rana gida 4 ko fiye, a raba b da g da wannan adadi, domin annobar tana da sauri sosai, kuma lissafin rana-rana yakan kauce. Za su samu R0 tsakanin 3 da 4.

Sai a sa su duba ƙarshen jadawalin. Samfurin da ya dace da ƙololuwar yana cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na yaran za su kamu, alhali waɗanda suka kwanta kashi 67 ne. Wannan saɓani ya fi dacewar amfani a wajen koyarwa. A tambaye su inda matsalar take. Mai yiwuwa wasu sun kamu ba su kwanta ba. Haka kuma yaron da ke kwance a ɗakin jinya ba shi ne ke yaɗawa ba, ya fi yaɗawa kafin a kwantar da shi, don haka abin da aka ƙirga ba I ba ne daidai. Daga nan sai su jero zaton da samfurin ya ginu a kai: cewa kowa yana cuɗanya da kowa daidai wa daida, cewa wanda ya kamu yana fara yaɗawa nan take, cewa wanda ya warke ba ya sake kamuwa, cewa babu haihuwa ko ƙaura, kuma b ba ya canzawa.

Kowane zato da ya rushe yana buɗe ƙofar wani samfuri. Cutar da ke ɓuya a jiki kafin ta fara yaɗuwa tana buƙatar rukuni na huɗu, E, tsakanin S da I. Kwalara tana buƙatar a ƙara ruwan sha cikin lissafi, domin ta nan take bi. Sanƙarau yana tashi ne a rani, kamar annobar 1996 da ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, don haka b ɗinsa yana bin yanayi. Binciken da aka buga a mujallar Nature a 2008 kan ƙyanda a Yamai ya nuna yaɗuwarta tana ƙarfi a rani tana faɗuwa da saukar damina, kuma wani bincike da ya biyo baya ya danganta hakan da cikar birni da 'yan ci-rani da komawarsu gona. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana buƙatar rukunonin sauro, da garkuwar jiki da ke ginuwa sannu a hankali. Ɗaya daga cikin sanannun samfuransa an gina shi ne da alƙaluman ƙauyukan Garki, a jihar Jigawa ta yanzu, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da bincike daga 1969 zuwa 1976. An yi feshin gidaje an kuma raba magani ga jama'a, cutar ta ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma ta dawo bayan an dakatar da aikin. Klaus Dietz da Louis Molineaux na cikin waɗanda suka wallafa samfurin a 1974.

Mataki na takwas: yadda ake karanta hasashe

Ɗalibai za su ci gaba da jin hasashen annoba a rediyo da Facebook, don haka a ba su misali ɗaya su tattauna. A watan Satumba na 2014, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da lissafin da ke cewa masu Ebola a Laberiya da Saliyo za su iya kaiwa miliyan 1.4 zuwa Janairun 2015, idan ba a ƙara ɗaukar mataki ba kuma mutane ba su sauya ɗabi'a ba. Jimillar da aka samu a dukkan annobar Afirka ta Yamma kusan 28,600 ce, da rasuwar fiye da 11,300. A raba ajin biyu, wani ɓangare ya kare cewa lissafin ya yi kuskure, ɗayan ya kare cewa sharaɗinsa ne bai cika ba, tunda an gina cibiyoyin jinya, an sauya yadda ake jana'iza, wato b da g duk sun canza. A koya musu cewa duk lokacin da suka ga irin wannan adadi, su nemi jimlar da ta fara da "idan", su kuma tambayi wane zato aka yi da wane alƙaluma aka ɗora a kai.

Wajen tantancewa, tambayar da ke neman a rubuta ƙa'ida daga ka ba ta nuna komai. Gara a ba kowane rukuni gari mai mutum 5,000, da b da g daban da na maƙwabtansu, a nemi su fitar da R0, da adadin S da annobar za ta juya a kansa, da yawan mutanen da za a yi wa riga-kafi idan allurar tana kare kashi 90 cikin 100, sannan su zana giraf kafin mataki da bayan mataki. Tambaya ta ƙarshe a amsa ta da rubutu, ba da lamba ba: su zaɓi zato ɗaya daga cikin waɗanda aka jero a mataki na bakwai, su bayyana yadda yake rushewa a garinsu, a ranar kasuwa ko lokacin hutun makarantun kwana, su kuma faɗi ko hakan zai ɗaga ƙololuwar ne ko zai sauke ta, tare da dalili. A ba wannan tambaya kashi 1 cikin 3 na makin.